Walwalar Ɗalibi da Makin Lissafi: Me Ya Haɗa Su?



Zancenmu na yau a kan 'ya'yanmu na sakandare ne, da darasin nan da ya zame wa da yawansu dodo, wato lissafi. Akwai wani musu tsakanin iyaye da malamai da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wasu na cewa yaro ba ya iya lissafi sai an matsa masa, sai ya ji a jikinsa, domin wai sakewa ce ke lalata karatu. Wasu kuma, musamman 'yan zamani, na cewa a ƙyale yaro ya ji daɗin ransa, in hankalinsa ya kwanta maki zai zo da kansa. To wannan musu dai an auna shi, ba a bar shi ga masu hirar bakin titi kaɗai ba, kuma awon bai goyi bayan kowa ɗari bisa ɗari ba.

Akwai wata ƙungiya ta ƙasashe masu ƙarfin arziki da ake kira OECD, mai hedikwata a birnin Faris. Tun shekarar 2000 take shirya wata jarrabawa mai suna PISA ga yara 'yan shekara 15 a ƙasashe daban-daban, a fannin karatu da kimiyya da lissafi. Ba a ba kowa takardar shaida a kanta, awo ne kawai don kowace ƙasa ta san inda ta tsaya. A zagayen 2015, wanda yara kusan 540,000 daga ƙasashe da yankuna 72 suka zauna, sai aka ƙara wata tambaya da ba ta cikin kowane littafi. Aka ce wa yaro, daga sifili zuwa 10, nawa za ka ba rayuwarka a 'yan kwanakin nan?

A ƙasashen ƙungiyar, da aka haɗa aka raba, amsa ta tsaya a kan 7.3. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne waɗanda suka zo kan gaba. Yaran Jamhuriyar Dominika, wata ƙasa a yankin Karibiyan, su suka fi kowa cewa sun gamsu da rayuwarsu, da 8.5, na Meksiko da Kosta Rika na biye da su. Alhali Jamhuriyar Dominika ce ta zo ta ƙarshe a lissafi a wannan shekara, da maki 328. Can gabashin Asiya kuwa, Hong Kong ta zo ta biyu a duniya a lissafi da maki 548, amma yaranta 6.5 suka ba rayuwarsu. Koriya ta Kudu, maki 524, gamsuwa 6.4. Tun a zagayen 2012 ma an ga irin haka, lokacin da aka tambayi yara ko suna jin daɗin makaranta. Na Indunusiya suka fi kowa cewa e, alhali su ne na biyun ƙarshe a lissafi. Na Koriya, da suka zo na biyar a lissafi, su ne na ƙarshe a jin daɗi.

Wanda ya san yadda ake karatu a Koriya ba zai yi mamaki ba. Yaro zai tashi daga makaranta ya zarce gidan lesin na kuɗi har dare ya raba, abin da ya sa hukumomin birnin Seoul suka kafa dokar cewa da ƙarfe 10 na dare ta yi a rufe. Ranar jarrabawar shiga jami'a kuwa, a watan Nuwamba, ana jinkirta buɗe ofisoshi don yara su sami hanya, har jiragen sama ake hana wa tashi da sauka a lokacin gwajin sauraren Turanci, kada ƙararsu ta dami kowa.

Na san yanzu haka akwai wani dattijo da ya kara rediyo a kunne, yana gyaɗa kai yana cewa, ai na faɗa, sai da wuya ake shan daɗi. Baba, a yi haƙuri a ɗan saurara. A cikin wannan jadawali na 2015 dai akwai Siwizalan, maki 521, uku kacal tsakaninta da Koriya, amma yaranta 7.7 suka ba rayuwarsu. Ga Holan, ga Finlan, duk sun haura matsakaici a lissafi, yaransu kuma na cikin masu walwala. Sannan ga Turkiyya, wadda yaranta suka fi kowa kuka da rayuwa, 6.1, kuma ba su taɓuka abin kirki a lissafin ba. Ƙunci bai saya wa Turkiyya maki ba, walwala kuma ba ta tauye wa Siwizalan komai ba.

Bari in ɗan yi ratse. Ni ba na ɗaukar irin wannan kwatance tsakanin ƙasashe kamar saukakken abu, domin kowace al'umma da yadda take amsa tambaya. Najeriya da Nijar ba sa cikin wannan jarrabawa, amma ku ƙaddara an zo Kano ko Maraɗi an tare ɗan Bahaushe an ce yaya rayuwa. Ko bai karya ba, ko da tsumma a jikinsa, abin da zai ce shi ne alhamdu lillahi, sai godiya. Haka aka tarbiyyantar da shi, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai wanda ya ɗauki wannan amsa ya rubuta 10 bisa 10 ya tafi, bai san komai ba game da abin da ke cin yaron. Wannan ma darasi ne ga iyaye: lafiya lau ɗin da yaro ke ce muku idan ya dawo daga makaranta gaisuwa ce, ba rahoto ba.

To idan aka bar ƙasashe aka dubi mutum ɗaiɗai fa? A 2018 wasu masana a Jamus, ƙarƙashin Susanne Bücker, sun tattara nazarce-nazarce 47 da aka yi a kan mutum kusan 39,000, don su ga yadda jin daɗin rayuwa ke tafiya da nasarar karatu. Sun sami alaƙa, amma 'yar siririya. A ma'aunin da sifili ke nufin babu haɗi sam, 1 kuma ke nufin haɗi cikakke, abin da suka samu 0.16 ne. A taƙaice, in ka shiga aji ka ware masu fara'a gefe guda, ba ka ware gwanayen lissafi ba. Za ka tarar da mai dariya da bai san komai ba, ka tarar da gwani mai kwana da damuwa.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Inda alaƙar ta yi ƙarfi shi ne idan aka daina tambayar yaro game da rayuwa gaba ɗaya, aka tambaye shi abin da yake ji a ƙirjinsa lokacin da malamin lissafi ya shigo aji. A zagayen PISA na 2012, wanda lissafi ne jigonsa, kashi 59 cikin 100 na yaran ƙasashen OECD sun ce sukan damu cewa darasin zai yi musu wuya, kusan ɗaya cikin uku kuma sun ce jikinsu kan ɗau zafi idan za su yi aikin gida na lissafi. Yaran da fargabar ta fi yawa a wurinsu makinsu ya gaza na sauran da 34, abin da ya kusa kai karatun shekara guda. Waɗannan fa yara ne na ƙasashen da kowa ke da kujera da littafi.

Me ya sa tsoro ke yi wa lissafi illa fiye da sauran darussa? Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Mark Ashcraft, ya daɗe yana bincike a kan wannan. Ƙwaƙwalwa na da wani ɗan wuri da take riƙe abin da ake aiki da shi nan take, kuma wurin ba shi da faɗi, kamar farantin talla ne, abin da zai ɗauka ƙididdigagge ne. Lissafi kuwa ba ya yiwuwa sai da shi: ka riƙe 7, ka ajiye 1 a ka, ka tuna ka juya alama idan ka tsallake da lamba. Idan fargaba ta hau farantin nan ta zauna, za a yi mini dariya, malam zai dake ni, baba zai ce na ja masa asara, to ina lambobin za su sami wuri? Tarihi ko adabi, wanda ya haddace zai iya zazzage abin da ya haddace ko jikinsa na rawa. Lissafi ba ya karɓar wannan.

Ku zo mu leƙa wani gida, irin wanda kowa ya sani. Yarinya ce 'yar aji huɗu, da yamma tana zama a ƙofar gida tana sayar wa mahaifiyarta awara. Wani ya sayi ta 350, akwai bashin 200 na jiya a kansa, ya miƙo 1,000. Hannu ɗaya na juya awara a mai, ɗayan ya riga ya ƙirgo 450 ya miƙa masa, ba ta ko ɗaga kai ba, har tana tsawata wa ƙaninta kada ya matso kusa da wuta. Washegari da safe, a aji mai yara 80 ko fiye, malam ya rubuta a allo cewa 350 a tara da 200 a tara da x ya ba da 1,000, ya nuna ta da alli ya ce taso. Ta taso tana jan hijabi, ta karɓi alli, ta tsaya. Na baya sun fara ƙus-ƙus. Malam na buga bulala a gefen tebur, ba don ya dake ta ba ma, sabo ne kawai. Ta rubuta 350, ta goge da tafin hannu, ta sake rubutawa. Malam ya ce koma ki zauna, ke dai kanki ba ya ja. Lissafin da ta yi jiya hannunta cikin mai, shi ne ya gagare ta yau.

Wannan ba tatsuniya ba ce da ta tsaya a kanmu. A 1985 wasu masana uku sun wallafa abin da suka gani a birnin Recife na ƙasar Brazil, inda suka bi wasu 'yan yara masu talla suna sayen kaya a hannunsu. A bakin sana'a, yaran sun ci kashi 98 cikin 100 na lissafin da ya taso. Da aka ba su irin waɗannan lambobi a takarda, tsurarsu yadda ake yi a makaranta, kashi 37 suka ci. A wurinmu kuma akwai ƙarin kaya, domin da Turanci ake koyarwa. Yara da dama da ake cewa ba su iya lissafi ba, tambayar ce ba su gane ba tun farko.

Yanzu sai in juyo kan ɗaya ɓangaren, masu cewa a lallashi yaro kawai. Ku ma ba ku tsira ba. Wani farfesa Bajamushe, Reinhard Pekrun, da abokan aikinsa sun bi yara 3,425 a jihar Bavaria shekara bayan shekara, daga aji 5 zuwa aji 9, suna auna makinsu na lissafi da abin da suke ji game da darasin. Sakamakon ya fito a 2017. Yaron da ke jin daɗin lissafi bana, makinsa kan ƙaru baɗi. Amma kuma yaron da makinsa ya yi kyau bana, jin daɗinsa kan ƙaru baɗi. Haka abin yake ta ɓangaren fargaba da kunya da gundura da fid da rai: suna jawo faɗuwa, faɗuwa na ƙara su. Kuma wannan ya tabbata ko da an cire bambancin basira da na arzikin iyaye. Abin da na fahimta a nan shi ne, daɗin da ke amfanar lissafi ba na alewa da tafi ba ne. Daɗin nan ne da yaro ke ji idan ya yi ta fama da tambaya, can sai amsa ta fito, ya duba bayan littafi ya ga daidai ne. Wanda bai taɓa ɗanɗana wannan ba, ko ka shekara kana ce masa kai gwani ne, ya san ba gaskiya kake faɗa ba. Shi ya sa makarantar da ke rabon maki don iyaye su ji daɗi su biya kuɗin zango mai zuwa, da cibiyar da ake rubuta wa yara amsa a allo ranar jarrabawa, cutarsu ta fi ta mai bulala. Sun ba yaro takarda, sun bar shi da sanin cewa fanko ne.

A ƙasarmu Najeriya nauyin da ke kan wannan darasi ya wuce misali. Shekara da shekaru, kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi su ne mabuɗin jami'a ga mafi yawan kwasa-kwasai. A jarrabawar WAEC ta 2014, kashi 31 da 'yan kai cikin 100 ne kawai suka sami wannan. A wasu shekarun baya-bayan nan adadin ya haura sosai, amma tsoron bai bar zukata ba. Yaro zai ci darussa bakwai, lissafi ya ba shi F9, ya zauna a gida shekara guda ko biyu yana kallon sa'o'insa na tafiya. A Kano ma tun daga jarrabawar kwalifayin ake fara zullumi, domin ita ke nuna wanda gwamnati za ta biya wa kuɗin jarrabawar fita. Idan irin wannan yaro ya ce rayuwa ba ta yi masa daɗi, ba sai an nemo masani daga Jamus ya faɗa mana dalili ba. Ga kuma ɗabi'ar nan ta tura yaro ajin adabi, ba don yana da baiwar adabi ba, sai don ya gudu daga lissafi, kamar ajin wurin zubar da waɗanda suka gaza ne. An cuci yaron, an cuci adabin.

Akwai wani abu kuma da iyayen yara masu ƙoƙari ba su cika lura da shi ba. Herbert Marsh, wani masanin ilimi, ya nuna tun cikin shekarun 1980 cewa yaro na auna kansa ne da na kusa da shi. Yara biyu masu basira ɗaya, wanda ke cikin gwanaye zai fi raina kansa a kan wanda ke cikin talakawan aji. Makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da aka kafa a 1977, sun fitar da likitoci da injiniyoyi da Arewa ke alfahari da su, babu mai musun wannan. Amma duk makarantar da ke tace ɗalibai, dole wanda ya saba zuwa na ɗaya a garinsu wata rana ya ga kansa na 30. Bai rage ƙoƙari ba, abokan karawa ne suka canja. Idan ya dawo hutu da wannan sakamako aka tarbe shi da faɗa, an haɗa masa zafi biyu.

Masu cewa lissafi ba namu ba ne, ko na gidanmu ba ma iya shi, gado ne, su ma su ji. Muhammad al-Kashinawi, Bakatsine, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake gina hatimin lambobi, wanda ko ta ina ka tara layinsa, tsaye ko kwance ko a karkace, jimla ɗaya zai ba ka. A Alƙahira ya rasu a 1741, kuma har yau masu tarihin lissafi na ambatonsa. Malamanmu na zaure da ke rabon gado, suna fitar da sumuni da sudusi da sulusi ba tare da an tauye wa kowa ƙwandala ba, me suke yi in ba lissafi ba? Farfesa Iya Abubakar, da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, masanin lissafi ne. Uwar da ke ce wa 'yarta rabu da shi, ni ma ban iya ba, tana ganin lallashi take yi, alhali ƙofa ta rufe mata.

Wani abu da rahoton PISA na 2015 ya gano ya kamata malamai su riƙe shi. Yawan awannin karatu da yawan gwaji ba su ne ke tafiya da fargabar yara ba. Abin da ya fi tafiya da ita shi ne yadda yaro ke ganin malaminsa: in ya kasa, za a taimaka masa ne ko za a tozarta shi? Ke nan ba a ce a rage aiki ba. A ba da aikin gida, a yi gwaji duk mako in an ga dama. Na san halin da malaminmu ke ciki, ga cunkoso, ga manhaja na kora, ga albashin da ba ya kai wata. Amma daina kiran yaro daƙiƙi ba ya cin ko sisi. Fara darasi da tambayar da na bayan aji ma zai iya ci kafin a hau masu wuya ba ya cin ko sisi. Haka duba inda yaro ya kauce a layi na uku, a ba shi makin layi biyun da ya yi daidai, maimakon a ja jan biro a kan shafin gaba ɗaya.

A ɓangaren gida kuwa, rahoton ya nuna cewa yaran da iyayensu ke cin abinci tare da su, ko suke zama su yi hira da su kawai, sun fi gamsuwa da rayuwa, kuma makinsu ya fi. A cikin duk abubuwan da aka tambayi iyaye, hirar nan ta ba gaira ba dalili ita ta fi tafiya da walwalar yaro. Ba a ce sai uba ya iya warware x da y ba. Mu kuwa a gidaje da yawa, uba ba ya jin labarin makaranta sai ranar kuɗin zango ko ranar sakamako, tambayarsa kuma guda ce: na nawa ka zo?

Don haka iyaye, ga roƙona. A daren yau, bayan sallar isha'i, ku kira yaron nan ko yarinyar nan, ku ce su ɗauko littafin lissafi. Kada ku tambayi na nawa suka zo. Ku ce su nuna muku tambaya ɗaya da suka ci, su yi muku bayanin yadda aka yi da Hausa, ko da ku ba ku yi boko ba. Sannan ku tambaye su wadda ta gagare su, da abin da malam ke cewa idan sun kasa. In kun ji abin da bai kwanta muku ba, ku taka ku je makarantar cikin mutunci ku gana da malamin, tun zangon bai ƙare ba.